Wuyan kwikwiyo na girma, igiya ba ta girma

Ƙannena, a Matameye da ƙauyukan Kance ba a cika sayen kwikwiyo ba, roƙa ake yi. Karyar wani ta haihu a gindin rumbu, labari ya kai ga yara, kowa ya je ya nuna nasa tun idanunsu ba su buɗe ba. Ranar ɗauko shi kuwa, kafin a nema masa kaskon shan ruwa an riga an nemo igiya. Igiyar ma duk wadda hannu ya kai gare ta: guntuwar igiyar roba da ta tsinke daga guga, ko waya, ko robar tayar babur, ko sarƙar da aka gada daga ƙaton karen gidan da ya mutu bara. A yi zarge, a zura masa a wuya, a ɗaure shi kusa da turken awaki. Bayan wata ɗaya sai ka ji mai shi yana cewa kwikwiyon ya kamu da ƙazuwa, a taimaka masa da baƙin mai.

Kafin ka tafi gareji neman baƙin mai, ɗaga haɓar kwikwiyon ka duba. Idan gashin ya zube a zagaye, ya bi sawun igiya tun daga ƙeya har maƙogwaro, sauran jiki kuwa lafiya lau, to ciwon nan da hannunka ka ɗaura masa shi. Kwikwiyo mai lafiya yakan ninka nauyin haihuwarsa cikin kwana 10 na farko, kuma har ya kai wata 6 girmansa ba ya tsayawa. Ɗaurin da ya yi masa sako-sako ranar da aka kawo shi, sati uku ya isa ya matse shi. Abin a ɓoye yake tafiya, domin ta ƙasan wuya yake farawa, inda mai tsaye ba ya gani. Da farko gashi ya kakkarye, fata ta yi ja, ta fara tsattsafo da ruwa. Ƙura ta manne a wurin, shi kuma ya dinga kai ƙafar baya yana susa, farce na ƙara buɗe ciwon. Sai wari, sai ƙudaje, sai tsutsa. In sakaci ya yi nisa, igiyar takan nutse cikin nama har fata ta rufe ta, ka ga kare da kumburarren kai yana numfashi da ƙyar, mutane na cewa guba ya ci.

Shi zarge an yi shi ne don ya matse idan aka ja, kwikwiyo kuwa ja ne aikinsa. Duk sanda ya hango kaza ya zabura, maƙogwaronsa ne ke shan wahala. In ka ji yana busasshen tari bayan kun dawo yawo, ka tuhumi igiya kafin ka tuhumi sanyi.

Ku kuma lura da irin karen da Allah ya ba mu. Karnukanmu, musamman na mafarauta da na makiyaya, gajeren gashi gare su, fata marar kauri, dogon wuya, ƙaramin kai. Wanda ya fi yin suna cikin masu wannan ƙira shi ne karen Azawak na Abzinawa, daga kwarin da ya tashi arewa da Tawa ya shiga Mali. An kai shi Turai a shekarun 1970, a 2019 kuma babbar ƙungiyar masu karnuka ta Amurka ta amince da shi a matsayin iri mai zaman kansa. Masu kiwonsa a can maɗauri mai faɗi suke sa masa, mai laushi ta ciki, don sun gane babu gashin da zai shiga tsakanin igiya da fata. Mu da karen yake namu, mu ne ke ɗaure shi da waya.

Abin kunyar ma, kayan gyaran na hannunmu. Damagaram garin majema ne da dukawa, fatar jar akuyar Maradi kuwa ta yi suna har ƙasashen waje saboda laushi. Auna wuyan da zare a gida, ka kai wa baduku ranar kasuwa. Ka ce ya yanka maka fatar da aka jeme da bagaruwa, faɗin yatsa biyu idan kwikwiyo ne, uku idan ya kusa zama kare. Ya shimfiɗa fatar akuya ta ciki, ya lanƙwashe bakin kada ya yi kaifi, ƙullin ɗinki ya faɗa ta waje. Ya sa ƙarfe irin na bel, da zobe guda na maƙala igiya, ya huda ƙofofi biyar ko shida saboda gobe. Ka guji ƙiri, wato fatar da ba a jeme ba: in ta jiƙe ta bushe sai ta ƙanƙance ta taurare, ta shaƙe wuyan da jiya ta yi wa daidai. Wanda ba shi da kuɗin baduku, tela ma ya isa. Hannun tsohuwar jakar makaranta ko bel ɗin kujerar mota, a naɗe shi da ƙyallen auduga a ɗinke, ya fi kowace igiyar roba. Ƙarfen da ya yi tsatsa kuwa a canza shi, don shi ma yana cin fata.

Ma'aunin sa shi ba wuya: yatsunka biyu su shige tsakanin maɗauri da wuya ba tare da ka tura da ƙarfi ba. In ya fi haka sakewa zai yi ta gurzar fata, wata rana ma muƙamuƙi ko ƙafa ta maƙale a ciki. Ware rana guda a sati, Juma'a misali, ka kwance shi, ka shafa wuyan da hannu, ka wanke maɗaurin, ka matsa ƙofa ɗaya in ya fara kamawa. Da dare, idan kwikwiyon yana cikin shinge, cire masa fata ta sha iska. Bayan wanka ko dukan ruwan sama kada ka mayar da shi sai wuya da maɗauri duk sun bushe. Waɗannan maɗauran roba masu wari da ake sayarwa da sunan maganin ƙuma kuwa, maganin ƙwari aka cuɗa a jikinsu. Akwai nagari, akwai wanda ko rubutun irin karen da ya dace da shi babu. Kada ka sa wa ƙaramin kwikwiyo sai ka tambayi likitan dabbobi, in kuma wuyan ya yi ja bayan ka sa, cire ka wanke da sabulu.

Da yawanku kun ga wata ɗamara a bidiyon TikTok da Facebook, wadda ake zura wa kare ta ƙirji da kafaɗu, igiya na kama shi ta gadon baya. Tela mai basira zai iya ɗinka ta in ka nuna masa hoto. A ganina, don fita da kwikwiyon da bai koyi tafiya da igiya ba, ta fi maɗaurin wuya, saboda in ya zabura ƙirji ne ke ɗaukar nauyi, maƙogwaro ya huta. Amma ita ma tana da inda take cizo: hammata. Fatar wurin babu gashi sosai, kuma kowane taku sai ta motsa. Ka zaɓi wadda ta rabu biyu a ƙirji ta bar kafaɗu suna motsi, wadda igiyarta ta ciki ke zama yatsa biyu ko uku bayan gwiwar ƙafar gaba. Mai kaurin soso ɗin nan don ƙasashen sanyi aka yi ta, a zafin Afrilu da Mayu, lokacin da ma'auni ke wuce 40, dafa kare kawai za ta yi. Mai jaki ya riga ya san wannan karatun: akumarin da bai zauna daidai ba shi ke haifar da miki, kuma babu mai hankalin da ke barin jakinsa ya kwana da akumari. In kun dawo gida, kwance ɗamara.

Igiyar riƙo ta kai mita ɗaya da rabi zuwa biyu, ta auduga ko ta rama mai laushi. Ta roba in ya fizga takan ƙone maka tafin hannu, in ta nannaɗe masa ƙafa ta yanke shi. Sarƙa ta yi wa kwikwiyo nauyi, tana ɗaukar zafin rana, tana kuma karya masa haƙori in ya tauna. Kada in ga ɗayanku ya ɗaure kare a bayan babur ko amalanke yana jansa da sunan koya masa gudu. Koyon tafiya da igiya a tsakar gida ake fara shi, da ɗan abin tauna a hannu: ya ja, ka tsaya cak, ya saki, ku ci gaba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai ƙasar da zai taka. Da bazara, ɗora bayan hannunka a kan yashi ko kwalta, in ba ka iya jurewa ka ƙirga bakwai ba, daginsa ma ba zai jure ba. Fita da sassafe ko bayan la'asar sakaliya. Da kaka ƙarangiya ce matsala, takan shige tsakanin yatsu da ƙarƙashin maɗauri ta yi ta suka, tsidau kuma ya huda tafin ƙafa. Kwikwiyon da ya yi birgima a masussuka zai kwana yana susa saboda ƙaiƙayin hatsi, shi wanka kawai yake buƙata.

Rabin ciwon fatar da nake gani, daga wurin ɗauri yake fitowa. Kwikwiyon da aka bari a turke ɗaya, yana fitsari da kashi inda yake kwana, an shirya wa ƙwari shimfiɗa. Da damina akwai wani ƙuda da ke neman yashi mai inuwa wanda fitsari ya taɓa, ya zuba ƙwai ɗari ko fiye. Cikin kwana 3 sun ƙyanƙyashe, ƴan tsutsotsin su huda fatar duk wanda ya kwanta a wurin, su yi kwana 8 zuwa 12 suna girma a ciki. Za ka ga marurai a ciki da ƙafafu da gindin wutsiya, kowanne da ƴar ƙofa a tsakiya, in ka ƙura ido ka ga abu na motsi. Toshe ƙofar da man basilin, tsutsar za ta leƙo neman iska, ka matso ta a hankali ba tare da ka fasa ta a ciki ba, ka wanke wurin. Ƙudan nan yakan zuba ƙwai a wankin da aka shanya a ƙasa, don haka ƙannenku ma ba su tsira ba. A damshin wurin ɗauri ne kuma ƴaƴan wata tsutsar ciki ke shiga ta fatar ƙafa. Share wurin kullum, canza turke lokaci zuwa lokaci, ka ɗaga masa makwanci daga ƙasa. In da hali, ja waya tsakanin itatuwa biyu ka zura zobe, ka yi masa talala ya riƙa kai da komo. Kada wurin ya kusa katanga ko danga da zai iya tsallakewa ya rataye kansa. Mai ɗaurewa a gindin gawo ya tuna cewa gawo da damina yake zubar da ganye, inuwar da ka bari da rani ba ita za ka tarar ba.

Duk wannan sai da sa hannu, kuma na san abin da wani zai ce: kare ne fa, ya za a yi ta shafa shi? A mazhabar Malikiyya da muke bi, kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwarya sau 7 idan ya sa baki a ciki bin umarni ne. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan malamanmu, ta yarda a ajiye kare don gadin gona, ko rakiyar dabbobi, ko farautar neman abinci. Ba ta yarda da na wasa ba, wannan kuma saƙo ne ga masu tara karnuka don a haɗa su faɗa a bayan gari. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin mutumin da Allah ya gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa da huffinsa. Wanda ya ɗauko dabba ya ɗaure, ya hana ta neman wa kanta mafita, haƙƙinta ya hau kansa. Taɓa shi, duba shi, sannan ka wanke hannu da sabulu kafin ka ci abinci.

Yanzu ga ciwon da igiya ba ta da laifi a cikinsa. Wurin da ya kama a jiki shi ke nuna ko mene ne. Ƙuma ta fi son gindin wutsiya da mara da cinyoyi. In kana shakka, tsayar da shi a kan farar takarda ka goge bayansa, ka ɗiga ruwa a kan baƙin garin da ya zubo. Idan ya narke ya yi ja, kashin ƙuma ne, jinin kwikwiyonka ne ta sha. Macen ƙuma na iya zuba ƙwai har 50 a rana, ƙwan kuma gangarowa yake yi cikin ƙasa da tsumman kwanciya. Wanda ya wanke kare ya mayar da shi kan tsohon buhunsa aikin banza ya yi. Akwai kuma ƙumar kaji, mai kafa baki ta manne a jere a gefen kunne da kewayen ido, gidan da akurki ke kusa da turken kare ya san ta. Ƙuma kaɗai na iya shanye jinin ƙaramin kwikwiyo. Ɗaga leɓensa, in dasashi ya yi fari fat, kada ka kwana ba ka nemi taimako ba.

Kaska kuma cikin kunne take ɓuya, da tsakanin yatsu, da ƙarƙashin maɗauri. Kaskar kare a tsagar katangar laka take zuba dubban ƙwai. Zazzaɓin da take sa wa karnuka tun 1935 aka gano shi a Aljeriya, alamarsa kasala, ƙin abinci, wani lokaci haɓo. Kama ta daf da fata ka ja a miƙe a hankali, ka jefa ta a wuta. Kada ka murtsuke ta da farce, wata kaskar na ɗauke da cutar da ke kama mutum.

Ita ƙazuwar ta gaske iri biyu ce, duka wasu ƙwari ne da ido ba ya gani. Ta farko tana tona rami cikin fata, tana farawa daga gefen kunne da gwiwoyi da ciki, da ɓawo da ƙaiƙayin da ke hana barci. In ka murza gefen kunnensa sai ka ga ƙafar baya ta kama susa da kanta. Tana yaɗuwa tsakanin karnuka, takan kuma fesa wa mai rungumarsa ƙuraje a hannu da ciki. Ta biyu daga uwa yake samun ƙwaron a kwanakin farko na shan nono, ba ya damunsa sai jiki ya yi rauni. Gashi ya zube kewayen ido da baki da ƙafafun gaba, ƙaiƙayi kaɗan ne, ba ta kama wani. In wuri ɗaya ne ko biyu, sau da yawa takan warke da kanta cikin wata biyu idan aka gyara abinci aka ba da maganin tsutsa. Makero kuwa zagaye yake yi da furfurar ɓawo, yana kama yara, kada a bar ƙanana su kwana da mai shi. Ido kaɗai ba ya raba waɗannan ukun, sai likita ya kankari fata kaɗan ya duba a madubinsa. Matameye ce hedikwatar gundumar Kance, ofishin kiwo yana nan cikin gari, ba sai an je Damagaram ba.

Baƙin mai ba magani ba ne. Yana ƙone fatar da ta riga ta ji ciwo, kwikwiyo ya lashe shi ya shiga ciki. Haka kananzir, haka fetur, haka fiya-fiya da maganin feshin wake, waɗanda kan kashe kare kafin su kashe ƙuma, su kuma taɓa yaron da ya shafa da hannu. Farasitamol da magungunan ciwon jiki na mutane ma suna lalata masa hanta da ƙoda. Wanda ya fi yaudarar samari shi ne ibamektin, allurar da makiyaya suka sani da sunan Ivomec. Magani ne na kirki: masu gano shi, Satoshi Omura da William Campbell, sun sami kyautar Nobel a 2015, yana kuma cikin abin da ya taimaki Nijar ta zama ƙasa ta farko a Afirka da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar ta rabu da cutar makantar kogi a 2025. Yana kashe ƙazuwa. Amma na shanu mililita 1 na kilo 50 ne. Kwikwiyo mai kilo 3 rabonsa bai kai kashi ɗaya cikin goma na mililita ba, wanda ya zuƙo mililita guda ya ba shi fiye da ninki goma. Sai rawar jiki, dalala, makanta, suma. Wanda bai kai sati 6 ba ma ba a yi masa ita sam. Bar wa mai sikeli da ilimi wannan aikin.

Abin da za ka iya a gida: aske gashin kewayen ciwo, ka wanke sau biyu a rana da ƙaramin cokali ɗaya na gishiri cikin rabin litar ruwan da aka tafasa ya huce. Gurzuwa marar zurfi a shafa mata ɗan man kaɗanya, shi ma bakin kunnen da ƙudaje suka ci haka. Kada igiya ta sake hawa wurin sai gashi ya tsiro. In igiya ta riga ta nutse cikin nama, kada ka ja ta, ɗauke shi ka kai.

Fata daga ciki ake gina ta. Kwikwiyon da aka raba da uwa kafin sati 8, aka bar shi da ƙanzo da ƙasari, kowane ƙwaro zai same shi a sauƙaƙe. Ƙara masa ɗan kindirmo, dafaffen ƙwai, kan kifi da aka daka, dafaffen wake. Maganin tsutsar ciki ana fara shi tun yana sati 2, a maimaita duk bayan sati 2 har ya kai wata 3, sannan wata-wata har wata 6.

Ranar da ka kai shi ofishin kiwo saboda fata, ka tambayi allurar haukar kare, wadda ake yi daga wata 3. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cutar na kashe mutum kusan 59,000 a shekara, kashi 40 cikin ɗari yara ƴan ƙasa da shekara 15, kusan duka ta hanyar cizon kare. Kwikwiyo mai ciwo a wuya yana saurin kai cizo, har ga mai shi, don haka naɗe masa baki da ƙyalle mai laushi kafin ka taɓa gyambon. In haƙori ya same ka ko ya sami wani yaro, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu minti 15 cur, kada a rufe da toka ko ganye, a tafi likita a ranar, ko da ƙarzana ce kawai, ko da kwikwiyon ɗan wata biyu ne.